Giwar Uwaisu a Gidan Masu Barcin Rana

In dai cika baki ne, ni Labaran ban taɓa ganin na biyun Uwaisu ba. Kuma ba labari aka ba ni ba, shekara da shekaru bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nasa. A masaƙa ɗaya muke aiki a Bompai, wajejen alif ɗari tara da saba'in da takwas, ni ina kan injin zare, shi yana ɓangaren rini. Kullum zai dawo gida da hannuwa shuɗi, ya ɗauko wata tsohuwar jita mai amfani da wuta da ya samo hannun wani direban tirela, ya zauna yana ƙwaƙularta. Waƙa ɗaya da rabi ya iya. Ɗayar yakan kai ta ƙarshe da ƙyar da jiɓin goshi. Rabin kuwa, duk ranar Allah in ya zo daidai wani wuri sai yatsunsa su harɗe, ya tsaya, ya ja tsaki, ya koma farko. Amma sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Sarkin Jita na Bompai da Kewaye.

Jitar ba ta damun kowa, don ba a jona ta da komai ba, ƙararta ba ta wuce kukan sauro ba. Mu kuwa haka muke so.

Gidan da muke haya na Hajiya Atika ne, a bayan kamfanoni ta hanyar Hotoro. Ɗaki takwas, duk ma'aikata. Aiki kuma kashi uku ne, masu safe, masu rana, masu dare, saboda haka ko wane lokaci ka shiga gidan akwai mai barci. Mata waje suke kai turmi su yi daka. Zakara ma Hajiya ba ta bari ya girma, da ya fara gwada murya sai tukunya. Agogonmu ɗaya ne, jiniyar masaƙa, wadda take kuka saura rabin awa a canji aiki: da asuba, da ɗaya da rabi na rana, da tara da rabi na dare. Ka makara, mai gadi ya rufe ƙofa, sai ka san bayanin da za ka yi wa manya.

Dokar Hajiya ɗaya ce tak. Duk wanda ya ta da mai barci, za ta zo da gawayi ta ja zane ɗaya a saman ƙofarsa. In zane ya kai uku, ka kwashe komatsanka. Ba roƙo, ba a turo dattijo.

Wadda ta fi kowa tsoron gawayin nan ita ce Safiyatu, matar Uwaisu. Shekara biyu cur ta yi a Ringim gidan surukai tana jiran ya samu ɗaki, don a lokacin samun ɗaki mai wuta da famfo kusa da aiki ya fi samun aikin wuya. Da ta zo ta shafe bangon da farar ƙasa, ta jera kwanukanta har kusa da rufi. Na sha jin ta ta bango tana ce masa, "Malam, ka yi duk shirmen da za ka yi, amma don girman Allah kada ka mayar da ni Ringim."

Ana nan ana nan, wata Asabar Uwaisu ya ce in raka shi shagon Yohanna, wani mutumin Zonkwa mai gyaran rediyo, wanda shi ma yake kaɗa jita a cocinsu.

Ko gaisawa ba a gama ba ya ce, "Oga Yohanna, amfilifaya nake so. Lokaci ya yi da Kano za ta ji ni."

Amfilifaya dai akwati ce da ake jona jita da ita ta fito mata da murya. Yohanna ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya ɗauko wata 'yar ƙarama mai mariƙi, ba ta fi akwatin rediyo ba. Ya juya bayanta ya nuna mana wasu 'yan kwalabe kamar ƙwan fitila.

"Ka ga kwalaben nan, Malam Uwaisu? Daɗin kiɗan duk a cikinsu yake. Amma ba sa sakin daɗin sai an murɗa maɓalli sosai sun ɗau zafi. Wannan wat biyar ce. Ko ka murɗe ta har ƙarshe, daɗin zai fito, maƙwabcinka yana ta minsharinsa. Ita ce ta ɗaki."

Uwaisu ya ja da baya kamar an miƙa masa kunama. "Wat nawa?"

"Biyar."

"Ni? Biyar? Oga Yohanna, ƙwan fitilar ban-ɗakinmu ma wat arba'in ne! So kake a ce fitilar masai ta fi Sarkin Jita?"

Yana cikin wannan sai idonsa ya faɗa kan wani abu a lungu, an rufe da tampol. Ya yaye. Tirƙashi! Wata baƙar akwati ce ta kai masa ƙirji, lasifika huɗu a jikinta. Ta wasu makaɗan otal ce a Sabon Gari, sun yi faɗa sun watse.

Yohanna ya ce, "Rufe, rufe. Wannan wat ɗari ce, ta filin ƙwallo. In ka bar ta ƙasa-ƙasa, ba daɗi, kamar mai mura. In ka murɗa har daɗin ya fito, rufin ɗakinka zai sauka a Hotoro."

"To ai ka faɗa da bakinka. Ɗari ta ninka biyar sau ashirin, daɗinta ma sau ashirin ke nan."

"Ba haka ake lissafin ba."

"Har aji bakwai na yi a firamare, kada ka koya mini lissafi."

Na ce, "Uwaisu, gawayin Hajiya fa?"

Ya ce, "Labaran, kai zare ka sani. Bar wa masu kiɗa kiɗa."

Yohanna ya dube ni ya ce, "Malam Labaran, ka zama shaida, na faɗa masa." Nan take Uwaisu ya ajiye sabon kekensa a shagon a madadin kuɗi, aka ɗora akwatin a amalanke, ya raɗa mata suna Giwa tun kafin mu kai titi.

Giwa ta ƙi shiga ɗaki sai da aka ciro ƙyaure. Safiyatu ta tsaya riƙe da haɓa.

"Malam, firji ka sayo mana?"

"Abin da ya fi firji."

"To keken fa?"

"Ga shi nan kina kallo."

Sai ta soma sauke kwanukanta ɗaya bayan ɗaya don a samu wuri.

Ranar Litinin ni da shi aikin rana muke. Wajen sha ɗaya na safe ina ban-ɗaki na game jiki da sabulu. Mamman, wani ƙaton Badamagare mai aikin dare, wanda ɗakinsa yake ɗaya gefen na Uwaisu, ya yi nisa a barci. Uwaisu ya jona Giwa, ya sa maɓalli a kan ɗaya, ya taɓa jita. Abin da ya fito sai ka ce akuya mai tari.

Safiyatu ta ce, "Au, wannan ce ta ci mana keke?"

Maganar ta soke shi. Ya murɗa maɓalli zuwa takwas, ya juyo ya tsaya gaba da gaba da lasifika, jita a ƙirji. Daga baya Yohanna ya gaya mana cewa in jita ta fuskanci babbar lasifika a ƙuntataccen ɗaki, ihu suke kama yi wa juna. Mu dai ba mu san wannan ba. Abin da muka ji shi ne wiiiiii, ya fara daga ƙasa yana hawa, yana hawa, bai da maraba da jiniyar masaƙa.

Wallahi ban san sanda na fito ba. Tawul a ƙugu, kumfa a kunne, ina ihu, "Na makara! Na makara!" Kande, matar wani abokin aikinmu, ta juye wa mijinta ɗanyar shinkafa a kwanon tafiya aiki. Mamman kuwa ya zaci ya kwana ya yini, jiniyar tara da rabi ce. Ya banko ƙofa da tocila a kunne, yana haska hanya, rana tsaka tana dukan ƙeyarsa. Gidajen maƙwabta ma suka ɗauka. Ƙafa me na ci ban ba ki ba, mu wajen arba'in muka isa ƙofar masaƙa, wani da takalmi ɗaya, wani da riga a bai-bai.

Mai gadi ya leƙo ya ce, "Lafiya? Gobara ake yi a unguwarku?"

Muka ce, "Jiniya!"

Ya dubi agogonsa. "Sha ɗaya da kwata ne fa, bayin Allah." Sannan ya dubi Mamman. "Kai kuma kashe tocilar mana."

Kafin mu dawo Hajiya ta riga ta ja zane na farko. Muka tarar da Uwaisu a ƙofar ɗaki yana kaɗa yatsa a kunne, baki har kunne.

"Kun ji ko? A takwas kawai ke nan fa. Ban ma kai goma ba."

Mamman ya ajiye tocila ya fara naɗe hannun riga, sai da muka taru mu huɗu muka riƙe shi.

Labari ya kai wa Yohanna. Ya aiko cewa keke yana nan bai sayar ba, a dawo da Giwa a ɗauki ƙaramar. Uwaisu ya ce a gaya masa shi ba ya amai ya lashe. "Ai abin dabara ne. Giwa tana son a murɗa ta, gida yana son shiru. To sai a murɗa ta a toshe mata baki."

Ranar Laraba ya jira Safiyatu ta tafi kitso. Ya ɗauko katifar aurenta ta audugar rimi, da barguna biyu, da tabarma, ya naɗe Giwa ciki da baya, ya ɗaure tamau da igiyar shanya. Ya zura hannu ya kai maɓalli goma. Gaskiya dabarar ta fara ci, don daga ɗakina gunji kawai nake ji can ƙasa-ƙasa. Abin da gogan bai tuna ba shi ne kwalaben nan zafi suke yi kamar murhu, kuma iska suke so.

Bayan rabin awa Kande ta fara zagaye tsakar gida tana shinshina. "Wa ya bar wake a wuta?" Ta duba tukunyarta, lafiya lau. Sai ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙyauren Uwaisu.

"Gobara! Jama'a, gobara!"

Na ruga na kashe mita. Aka ɓalle ƙofa, aka jawo katifa waje tana ci. Mamman ya fito ido jawur, bokiti cike da ruwa a hannu. Ya dubi katifa, ya dubi Uwaisu, ya sheƙa wa Uwaisu.

Uwaisu ya ce, "Katifar ce take ci, Mamman!"

Mamman ya ce, "Na sani." Ya koma famfo ya ciko, ya sake sheƙa masa.

Mu muka kashe katifar. Giwa kuwa ko gezau, fatar bayanta kawai ta ɗan babbake. Hajiya ta zo ta ja zane na biyu, ta ce a fitar mata da wannan masifa daga ɗaki, a kai ta bayan gida a jingine, in ta sake ganin ta a ɗaki ko ba a kunna ba zane ne.

Safiyatu ta dawo da kitso rabi, don a can labari ya same ta. Ta ga katifarta, ta ga saman ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Zama ta yi a dokin ƙofa tana kuka. Wallahi ta ba ni tausayi.

"Biyu ke nan, Malam. Saura ɗaya. Ni na fara hango tashar Ringim."

Jikinsa ya ɗan yi sanyi. Ya rantse mata Giwa ta bar ɗakin nan har abada. Na ce a raina, to madalla, yau dai ya ji. Ashe wanda bai ji bari ba sai ya ji hoho.

Bayan gidan Hajiya wani ɗan fili ne da take kiwon agwagi, da bishiyar gwanda guda ɗaya wadda take ƙirga 'ya'yanta safe da yamma. A tsakiya akwai tsohuwar rijiya, ta ƙafe tun zuwan famfo, an rufe ta da fallen kwano. Tagar Uwaisu ta baya nan take kallo. Kwana uku yana tsayawa a tagar yana duban Giwa, yana duban rijiya.

Ran Lahadi da hantsi Safiyatu ta tafi kasuwa, Hajiya tana zaure da baƙi. Gogan ya zagaya baya shi kaɗai. Ya harhaɗa wayoyi ya yi dogaye biyu, ɗaya ta wuta ɗaya ta jita, ya binne su da ƙasa har gindin tagarsa. Ya kai maɓalli goma, ya ɗaure Giwa da igiya, ya zarga igiyar a jikin gwanda, ya zura ta cikin rijiya a hankali har ta yi rabi tana lilo. Ya mayar da kwano ya rufe. Lissafinsa shi ne ƙasa za ta shanye ƙarar, shi kuma ya tsinci daɗin ta taga. Ya koma ɗaki ya sa sakata, ya tura tagar, ya ɗaura wayar jita a ƙugunsa don kada ta zare, ya fara kiɗa.

A cikin ɗaki, in ji shi, sauti ne yake zuwa masa lallausa daga nesa, irin wanda bai taɓa ji ba. Har lumshe ido yake yi. A waje kuwa, inna-lillahi! Rijiya ta zama bakin ganga. Wani irin ruri ne yake fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, kwano yana karkarwa, ƙasa tana motsi a tafin ƙafa. Agwagi suka tashi sama, abin da ban taɓa sanin sun iya ba. Kande ta leƙa ta dawo da gudu ɗankwali a hannu.

"Hajiya! Mutanen ɓoye sun sauka a rijiya!"

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Ran Lahadi ce, kowa yana gida. Masu dawowa daga coci suka tsaya, masu shayi suka bar tebur, wasu suka hau katanga. Ba a rasa mutum ɗari biyu ba. Aka ruga aka kira Malam Shu'aibu, wani mai maganin iskoki a unguwar. Ya zo da kasko da garwashi, ya zuba turare, ya tsaya taku biyar daga bakin rijiya.

Ya ɗaga murya. "Kai wane ne? Me ya kawo ka gidan mutane?"

Rijiya ta ce, dummm.

"Me kake so a ba ka ka tafi?"

Rijiya ta ce, dum, dum, dirindin.

Malam Shu'aibu ya juyo ya ce, "Baƙin bunsuru yake so."

Hajiya ta ce, "Bunsuru? Shi da ya shigo mini gida ko sallama babu?"

Sai ga Mamman ya ratso taro, zanen barci a wuya, wannan ne tashinsa na uku. Ya ɗaga hannu. "Ku yi mini shiru."

Aka yi tsit. Rurin ya tafi, ya tafi, ya zo daidai wani wuri ya harɗe. Ya tsaya. Ya koma farko. Ya sake tafiya, ya sake zuwa daidai wurin, ya sake harɗewa.

Mamman ya ce, "Wannan aljanin na san shi. Shekara uku ina jin sa ta bango yana tuntuɓe a nan wurin."

Ya sa ƙafa ya shure kwano. Ga igiya. Ya tona ƙasa da yatsan ƙafa, ga wayoyi sun miƙe sai tagar Uwaisu. Ya damƙi igiyar ya fizga da iya ƙarfinsa. Gwanda dai kun san ba itacen kirki ba ce, da ma tun ɗazu take sunkuye. Sai ji muka yi ƙaras! Ta karye daga tsakiya. Giwa ta yi wani ƙugi na ban kwana, ta tafi, rugum! Sai shiru.

Wayar da ke ƙugun Uwaisu ta bi ta. Ta fizgo shi daga kan kujera, taga ta wage, sai ga kansa da kafaɗunsa a waje, jita ta gicciye a jikin tagar ta tare sauran. Nan wayar ta tsinke. Ya ɗago ido ya ga mutum ɗari biyu, ga hayaƙin turare, ga Hajiya tsaye a kan gwandarta da ta zube.

Kun san abin da ɗan banzan nan ya ce? Ya dube ni ya ce, "Labaran, ka ga taro? Ban ce maka Kano za ta ji ni ba?"

Dariya ta ɓarke har masu kan katanga suna faɗowa. Hajiya kaɗai ce ba ta yi ba. Ko ɗaki ba ta koma neman gawayi ba, a kaskon Malam Shu'aibu ta zaro guda, ta zagaya ta ja zane na uku, jama'a na biye da ita.

Daidai nan Safiyatu ta shigo da kwandon cefane. Ta ƙirga zanen da ido. Ta ajiye kwando ta durƙusa gaban Hajiya. Na zaci roƙa masa za ta yi.

"Hajiya, ni na taɓa ta da wani a gidan nan?"

"Ke? Ko tarinki ba a ji."

"To ni ina za ni?"

Hajiya ta dube ta ta ce, "Ba inda za ki. Zauna a ɗakinki. Shi ne zai fita."

Uwaisu, wanda aka zaro daga taga yanzu-yanzu, ya ce, "Haba Hajiya, a ina aka taɓa yin haka?"

Ta ce, "A gidana."

Kwana tara ya yi yana kwana a kan benci a shagon Yohanna, tsakanin matattun rediyo. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce kwas yake yi na injiniya. An ciro Giwa a ragargaje, keke kuma tuni ya samu mai shi. Yohanna ya tsinci abin da zai moru a jikinta, ya ce ya bar masa ƙaramar a madadi. Safiyatu tana ba ni tuwo in kai masa, ba nama. Amma a rana ta takwas da kanta ta je wurin Hajiya, don ta ce ɗakin ya yi mata faɗi.

Hajiya ta ce sharaɗi ɗaya ne. A kawo ƙaramar, a ajiye ta a gindin tagar Mamman yana barci, a murɗe ta har ƙarshe. In Mamman ya farka, magana ta ƙare.

Aka sa ƙarfe ɗaya na rana, kafin mu tafi aiki. Yohanna ya zo riƙe da ita da hannu ɗaya kamar mai zuwa cefane. Uwaisu ya ɓata kwata guda yana taje gashi. Duk gida aka fito aka yi tsaye, Safiyatu tana murza gefen mayafi. Yohanna ya jona, ya jira kwalabe suka yi ja, ya murɗe maɓalli.

Uwaisu ya taɓa jita. Kai jama'a! Ashe haka abin yake. Wani sauti ne mai kauri, mai ɗumi, ya cika gindin tagar bai wuce nan ba. Daga ciki minsharin Mamman yana tafiya abinsa. Uwaisu ya gama waƙa ta farko lafiya. Safiyatu ta yi masa alama da ido ya tsaya haka nan. Ina! Ya shiga ta biyu. Ya tafi, ya tafi, ya doshi wurin nan da kowa ya sani. Muka riƙe numfashi.

Wiiiiii!

Ƙofar Mamman ta buɗe da ƙarfi, ya fito da taɓarya. "Yau sai na kashe shi!"

Uwaisu ya saki jita ya ɗaga hannu biyu sama. Kukan bai tsaya ba. Gida duka muka haɗa baki, "Ta masaƙa ce! Ɗaya da rabi ta yi!"

Mamman ya tsaya, taɓarya a sama, har jiniya ta sauka. Ya dubi 'yar akwatin da ke gindin tagarsa. "Wannan kuma mece ce?"

Yohanna ya ce, "Tun ɗazu ake kaɗa ta a kunnenka."

"Ƙarya ne. Ni ban ji komai ba."

Hajiya ta ce a miƙo mata tsumma. Ta jiƙa, ta je ƙofar Uwaisu ta goge zane ɗaya. "Ɗaya na goge. Biyu suna nan suna jiran ɗan'uwansu."

Safiyatu ta sauke ajiyar zuciya har sai da na ji. Uwaisu kuwa ya gyara wuyan riga ya ce, "Ai da ma tun a shago ita na so ɗauka, Oga Yohanna ne ya yi ta nuna mini babbar. Amma fa ina ganin in aka ƙara mata lasifika biyu..."

Bai rufe baki ba Safiyatu ta sunkuya ta zare wayar jitar, ta naɗe ta a hannu, ta soke a ƙugun zaninta.

"Daga yau waya tana wurina, Malam. Ranar da kake son kiɗa ka zo ka tambaya. Yanzu wuce ka tafi aiki, jiniya ta yi, kuma ba ka da keke."

Muka zuba da gudu ni da shi, da ƙyar muka sha kafin mai gadi ya rufe ƙofa. Shekara shida suka ƙara a ɗakin nan, zane biyu a saman ƙofa, na uku bai ƙara dawowa ba. Waƙar nan ta biyu kuwa ban taɓa jin ya wuce wurin ba, ko sau ɗaya. Amma je ka tambaye shi yau, zai dafa ƙirji ya rantse maka cewa ran nan ya wuce shi sumul, jiniyar masaƙa ce ta yi masa baƙin ciki ta hana mu ji.